Yadda Za Ka Zaɓi Kalaman Barin Wuri a Turanci: Na Girmamawa da Na Sabo

Duk wanda ya zauna a aji ya san kalmomin “go” da “leave” da “goodbye”, kuma a takardar jarrabawa sukan wadatar da shi. Wahalar tana bayyana ne a lokacin da mutum ya miƙe daga kujera a ofishin wani babba, ko a gidan da aka gayyace shi cin abincin dare, ko a tsakiyar taron da ake yi ta intanet, sai ya tarar cewa Turanci yana da hanyoyi masu yawan gaske na cewa za a tafi, kuma kowace daga cikinsu tana gaya wa mai sauraro yadda kake kallon kanka da yadda kake kallonsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Saurayin da zai ce wa abokansa a majalisa “ni na ware” ba zai furta haka a gaban surukinsa ba, domin a can zai russuna ya ce, “Baba, zan koma, Allah ya ƙara girma,” sannan ya jira a ce masa ya gaida mutanen gida. Ke nan basirar auna mutum da wuri muna da ita tun daga gida. Abin da ya rage shi ne sanin matsayin kowace kalmar Turanci, da kuma fahimtar wani abu da nake ganin shi ne ginshiƙin batun gaba ɗaya, wato cewa ladabin sallama a Turanci ba ya zaune a cikin girman kalmar da ka zaɓa. Yana zaune ne a cikin abin da ka kewaye ta da shi na uzuri da godiya da sassauta murya. Yawancin masu koyo suna neman kalma mai nauyi don su nuna tarbiyya, alhali mai harshen yana amfani da kalma mai sauƙi ne, sai ya yi mata shimfiɗa.

Kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka wane ne a gabanka, da kuma ko magana ce ta baki ko ta rubutu. Wani masanin harshe ɗan Amurka mai suna Martin Joos ya kasa salon Turanci gida biyar a shekarun 1960, tun daga daskararren salon dokoki da addu'o'i har zuwa na ma'aurata da 'yan gida ɗaya. Mai koyo ba ya bukatar riƙe duka biyar ɗin. Ya ishe shi ya bambance salon ƙa'ida na takardu da sanarwa, da salon tsaka-tsaki da ake yi da abokin aiki ko baƙo, da salon sabo wanda a ƙarshensa ake samun sara irin ta matasa.

Akwai dalili na tarihi da ya sa kalmomin suka rabu haka, kuma saninsa yana taimakawa wajen yin hasashe. A shekarar 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, kuma tsawon ƙarnuka bayan haka Faransanci da Latin ne suka mamaye fada da kotu da coci, yayin da talakawa suka ci gaba da Ingilishinsu na gado. Shi ya sa har yau kalmomi irin su “depart” da “vacate” da “retire” da “exit”, waɗanda suka shigo ta Faransanci ko Latin, suke da ƙamshin hukuma, su kuwa “go” da “leave” da gajerun fi'ilai masu ɗan wutsiya irin su “go out” da “head off” suke zama na bakin kowa. Idan ka ga fi'ili guda ɗaya dogo, akwai yiwuwar na takarda ne, idan kuma ka ga gajeren fi'ili haɗe da “off” ko “out”, akwai yiwuwar na hira ne.

Kalmomin takarda da sanarwa

Kalmar “depart” ta jirage ce da jadawali. Za ka gan ta a allon filin jirgin sama, inda aka rubuta “Departures” a gefe guda da “Arrivals” a ɗaya gefen, za ka kuma rubuta ta a takardar tsarin tafiyar shugabanka, misali “The delegation will depart from Abuja at 9 a.m.” A nan ta dace ƙwarai. Amma idan ka miƙe a falon wani ka ce “I am departing now,” zai fahimce ka, sai dai zai ji tamkar sanarwa ake karanta masa. Haka kuma a kula da cewa “the departed” na nufin mamaci, kuma “he departed this life” hanya ce ta cewa ya rasu, saboda haka rubuta “our departed colleague” game da abokin aikin da ya koma wata ma'aikata kuskure ne mai tayar da hankali. Wanda ya sauya wurin aiki “former colleague” ne.

“Vacate” tana nufin barin wuri fayau domin wani ya shiga ko domin mai shi ya karɓi abinsa. Otal yakan rubuta cewa “Guests must vacate their rooms by 12 noon,” mai gidan haya kuma yakan rubuta wa ɗan haya ya yi “vacate the premises”. Kai da kake a gaban teburin karɓar baƙi na otal ɗin, abin da za ka ce shi ne “I'd like to check out, please.” Ita kuwa “evacuate” ta gaggawa ce, gobara ko ambaliya ko yaƙi, kuma ba a aronta don wani abu ƙasa da haka. “Exit” ta fi zama a kan ƙyaure da cikin umarnin tsaro, kodayake Amurkawa suna amfani da ita a matsayin fi'ili fiye da mutanen Birtaniya, musamman wajen sauka daga babbar hanya. “Withdraw” da “retire” suna fitowa a kotu da majalisa da labaran soja, kamar yadda ake cewa masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun yi “retire” domin su tattauna. Wanda ya ce “I shall retire for the night” maimakon “I'm going to bed” ya yi magana irin ta tsofaffin littattafai.

Sauka daga abin hawa ma tana da nata matakan. A jiragen ƙasa na Birtaniya ana jin “alight” a sanarwa, a jirgin ruwa da na sama ana cewa “disembark”, kamfanonin jiragen Amurka kuma suna da “deplane”. Fasinja ba ya bukatar ko ɗaya a bakinsa. Yana cewa “get off” ga bas da jirgin ƙasa da jirgin sama da babur, sannan “get out of” ga ƙaramar mota da tasi.

Salon tsaka-tsaki, wanda shi ne matattara

Idan da abu ɗaya kacal za ka ɗauka daga wannan jagora, to ya zama wannan salon, domin yana aiki da shugaba da maƙwabci da likita da mahaifiyar abokinka, kuma da wuya ya ba ka kunya. Jimlolinsa kaɗan ne: “I should get going,” da “I'd better be going,” da “I'm afraid I have to go,” da “I must be off,” wadda ta fi yawa a bakin mutanen Birtaniya. Ka lura da abin da suka yi tarayya a kai. Dukkansu suna nuna cewa wani abu ne ya tilasta maka tafiya, ba gajiya da mutanen wurin ba. Wannan ne ya sa “I want to go” take da haɗari. Mu a Hausa “ina so in tafi” neman izini ne cikin ladabi, amma a kunnen Bature “I want to go” na nufin zaman ya ishe ka, kuma jimla ce da aka fi ji daga bakin yaron da ya gaji da ziyara.

Sallamar ba jimla ɗaya ba ce, tafiya ce mai matakai. Masana biyu, Emanuel Schegloff da Harvey Sacks, sun yi nazarin yadda masu Turanci suke rufe hira a wani aiki da suka wallafa a 1973, inda suka nuna cewa kafin a kai ga “bye” ana fara jefa ƙananan kalmomi na share fage domin a ba ɗaya ɓangaren damar kawo abin da ya rage masa. Kalmomin su ne irin “Well,” da “So,” da “OK,” sai “Right” da “Anyway” da ake yawan ji a Birtaniya. Aikinsu ɗaya ne da “To” da “To shi ke nan” da muke ja kafin mu nemi takalmanmu.

Ga yadda abin yake a zahiri. Ka ɗauka an gayyace ka cin abincin dare a gidan abokin aikinka a Manchester, an ci an sha shayi, ƙarfe goma ta kusa. Za ka ajiye kofinka, ka ɗan matso bakin kujera, ka ce, “Well, it's getting late, I'd better be going. I've got an early start tomorrow.” Uwargidan za ta ce, “Oh, are you sure? Stay for another cup,” wanda shi ne daidai da “tun yanzu?” da muke yi wa baƙo, kuma ba dole ba ne a ɗauke shi a matsayin umarni. Sai ka amsa, “I'd love to, but I really must. Thank you so much for having me, the food was lovely.” A bakin ƙofa ne kaɗai za a yi “Good night” da “Take care.” Babu kalma mai tsauri ko ɗaya a cikin wannan duka, amma an share fage, an ba da uzuri, an yi godiya, an yabi girki, kuma duk wanda ya ji zai ce baƙon yana da tarbiyya. Jimlar “thank you for having me” ta cancanci a haddace ta, saboda ita ce godiyar da ake jira daga wanda aka karɓa a gida, kuma rashinta ana jin sa.

Uzurin ba sai ya zama dogo ba, kuma ba a son a shiga bayanin sirrin gida. “I have another appointment” ko “I need to pick up the children” sun wadatar. Idan lokacin salla ne ya yi, babu laifi ka ce “Please excuse me for ten minutes, I need to pray,” kuma faɗin tsawon lokacin yana kwantar wa mai sauraro hankali fiye da ka fita shiru.

A gaban wanda ya girme ka a matsayi

A nan ne masu koyo suka fi wuce gona da iri. A Najeriya an saba da “I will take my leave now, sir” da “Permit me to take my leave,” kuma a ofisoshinmu jimloli ne masu kyau da ake karɓa hannu biyu. A Landan ko Toronto kuwa sun tsufa, ana jin su a wasannin kwaikwayo na tarihi fiye da ofis. Ba za a ji haushinka ba, amma za ka sa tazara tsakaninka da mutumin da wataƙila yake so ya ja ka a jiki. Abin da ya fi dacewa shi ne “If you'll excuse me, I have a class at two,” ko “Thank you for your time, I won't keep you any longer.” Jimla ta biyun tana da hikima, domin ta mayar da tafiyarka wata hidima ga mai ofishin, wato kana sakar masa lokacinsa ne.

“May I be excused?” tana da nata gurbin, kuma ƙarami ne. Yaro ne yake faɗin ta a teburin cin abinci, ko ɗalibi a aji, ko mai ba da shaida a kotu. Babban mutum a taron ma'aikata idan ya faɗe ta ya ƙasƙantar da kansa fiye da kima. Ya ce “Would you excuse me for a moment?” idan zai dawo, ko kuma “I'm sorry, I have to leave early today” idan ba zai dawo ba, kuma ya fi kyau ya sanar da shugaban taron tun kafin a zauna, ta yadda idan lokaci ya yi zai ɗaga kai kawai ya fita ba tare da katse mai magana ba.

A ganawar neman aiki ba kai ne kake rufe zama ba. Ka jira masu tambaya su nuna an gama, sannan ka ce “Thank you very much for your time. It was a pleasure meeting you.” A nan akwai ɗan bambanci da ake yawan tuntuɓe a kai: “Nice to meet you” ta farkon haɗuwa ce, “It was nice meeting you” ko “It was nice to meet you” kuma ta rabuwa ce.

Tsakanin abokai

Da abokai da abokan aikin da aka saba, jimlolin suna gajarcewa: “I'm off,” da “I'm heading out,” da “I've got to run.” Mutanen Birtaniya suna ƙara “I must dash” da “I'm going to shoot off” da “I'd better make a move,” Amurkawa kuma suna da “I'm gonna take off” da “Let's hit the road.” Waɗannan duka lafiyayyu ne, ba su da rashin kunya, kuma ko shugaban da kuke wasa da dariya da shi zai karɓe su a ƙarshen yini. A dai kula da “make a move”, domin da zarar an ƙara mata “on” da sunan mutum ta koma nufin neman mace ko namiji.

A ƙarƙashin waɗannan akwai sara tsantsa, irin su “I'm gonna bounce,” da “I'm out,” da “let's dip,” da “peace out,” waɗanda matasanmu suke tsinta daga waƙoƙi da finafinan Amurka. Shawarata ita ce a fahimce su amma a yi jinkirin furta su. Sara tana da shekaru kuma tana da unguwa, tana tsufa da sauri, kamar yadda “let's split” ta yi tashe a shekarun 1960 ta kuma zama ta dattawa a yau. Ƙa'idar da ba ta ba da kunya ita ce kada ka riga mutanen wurin sauka zuwa wannan mataki. Idan ka ji abokan karatunka suna faɗin wata kalma a tsakaninsu, kuma ka lura da wanda suke faɗa wa da wanda suke ɓoye wa, to ka samu izinin gwada ta. “I'm out of here” kuma tana iya ɗaukar fushi, gwargwadon muryar da aka faɗe ta da ita.

Kalmomin da ke ɗauke da zargi

Wannan ɓangaren ya fi shafar mai rubuta rahoto ko bayanin taro ko labarin jarida, kuma kuskure a cikinsa yana iya ɓata wa mutum suna. Turanci yana da fi'ilai da yawa da suke faɗin cewa mutum ya tafi, a lokaci guda kuma suna yanke masa hukunci. “He left the meeting” labari ne kawai. “He walked out of the meeting” na nufin ya fice don nuna rashin amincewa, irin yadda 'yan adawa suke yi a majalisa. “He stormed out” na nufin ya fita a fusace. “He walked out on his family” na nufin ya yi watsi da iyalinsa. “She slipped out” fita ce a hankali don kada a dami jama'a, ba ta da aibi sosai, amma “she sneaked out” ta nuna akwai abin da ake ɓoyewa. “Abscond” kalmar shari'a ce ta wanda ya gudu da kuɗi ko ya tsere wa beli, “flee” kuma ta mai gudun haɗari ko gudun hukuma ce. A sarar Birtaniya “do a runner” shi ne tserewa ba a biya kuɗin abinci ko na haya ba, a ta Amurka kuma “he bailed on us” na nufin ya zame ya bar mu a lokacin da muke bukatarsa.

Sakataren da ya rubuta cewa wani darakta “walked out at 11.30”, alhali mutumin ya nemi izini ne ya tafi asibiti, ya ƙirƙiri rigimar da ba ta faru ba, kuma ta shiga kundin ma'aikata. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne “left the meeting at 11.30” ko “was excused at 11.30”. Idan kana shakka, “left” ba ta taɓa yi wa kowa ƙazafi.

Akwai kuma maganganu biyu na barin taro ba sallama, “French leave” da “Irish goodbye”. Za ka ci karo da su, amma tun da suna jingina ɗabi'ar ga wata al'umma, gara ka ce “he left without saying goodbye.”

Inda Turancin gida ya bambanta da na waje

Turancin Najeriya da na Gana harsuna ne masu tsarinsu, kuma wanda yake magana da ɗan ƙasarsa ba shi da dalilin sauya bakinsa. Gyaran yana zama dole ne kawai idan mai sauraro daga wani wuri yake. Misali mafi shahara shi ne “I'm coming,” wadda muke faɗa muna juya baya muna fita, daidai da “ina zuwa”. Baƙo zai tsaya cikin ruɗani, domin a wurinsa mai cewa haka yana tahowa ne. Abin da yake jira shi ne “I'll be right back” ko “Just a moment,” ko a Birtaniya “I'm just popping out, I won't be long.”

Rakiya ma tana da tarko. “Let me escort you” a wurinmu karamci ne, amma a Birtaniya da Amurka “he was escorted out of the building” yawanci na nufin masu gadi ne suka fitar da shi. Mai gida yana cewa “I'll see you out” ko “I'll walk you to your car,” idan kuma tasha ko filin jirgi zai kai ka sai ya ce “I'll see you off.” Haka nan “I have closed” ta tashi daga aiki, a waje shago ne yake “close”, ma'aikaci kuwa yana cewa “I've finished for the day” ko “I'm done for today.” “He is not on seat” takan zama “He's away from his desk” ko “He's just stepped out.” “I will drop here” takan zama “I'll get off here,” ko ka ce wa direba “You can drop me here.” Mai tashi daga gidan haya kuma yana yin “move out”, ba “pack out” ba.

Taron intanet da waya

Tarurrukan Zoom da Teams suna da nasu kalaman, kuma sun zauna a tsakiyar ma'auni. Ana cewa “I need to drop off now” ko “I have to jump off for another call,” wanda kuma yake da wani taron a gaba yakan faɗa tun farko cewa “I have a hard stop at three,” wato ƙarfe uku daidai zai fita ko an gama ko ba a gama ba. Idan mahalarta suna da yawa, ladabi shi ne ka rubuta a akwatin saƙo, “Apologies, I have to leave for another meeting. Thank you, everyone,” ka fita ba tare da ka buɗe makirufo ba. A waya kuwa hanyar da ta fi laushi ita ce “I'll let you go” ko “I'll let you get on,” ko da kuwa kai ne kake sauri.

Idan kai ne kake so wani ya tafi

Nan ne tazara tsakanin salo da salo ta fi faɗi. “Get out,” da “go away,” da “get lost,” da “clear off,” da “beat it” duka kora ce, kuma ba a faɗin su sai an shirya ɓatawa. Ko “You can go now,” wadda mai koyo yake ɗauka fassarar “kana iya tafiya” ce, tana da kaifi idan ba shugaba ne yake sallamar na ƙasa da shi ba, kuma ko a bakin shugaban ma ta fi daɗi idan ta zama “That's all for now, thank you.” Mai ofis da yake so ya rufe ganawa yana cewa “Thank you for coming in” yana miƙewa tsaye, kuma miƙewar ita ce rabin saƙon. Mai gida da dare ya yi masa yana iya cewa “It's been lovely to see you, but I've got an early start.” Idan abu ya kai ga ɓaci kuma kana so ka riƙe mutuncinka, jimlar ita ce “I'm going to have to ask you to leave,” wadda ma'aikatan banki da na asibiti suke amfani da ita saboda tana da ƙarfi kuma babu zagi a cikinta.

Kalmar ƙarshe a bakin ƙofa

“Goodbye” cikakkiya ta fi nauyi fiye da yadda littattafan makaranta suke nunawa, kuma tsakanin masoya ko abokai tana iya jin kamar rabuwa ta dindindin ko ta fushi. “Bye” ita ce ta kullum, kuma ta dace da kusan kowa. “Good night” sallama ce kawai, ba a gaisawa da ita, wanda ya iso wuri da dare “Good evening” yake cewa. “Good day” a bakin Bature ɗan Ingila tsohuwar magana ce, kuma idan aka faɗe ta a ƙarshen gardama tana nufin an gama da kai. “Farewell” ta doguwar rabuwa ce da jawabin bankwana. “See you later” ba alkawari ba ne, mai shago da ba zai sake ganinka ba yana iya faɗa maka, saboda haka kada ka tambaye shi ƙarfe nawa. “Cheers” a Birtaniya tana zama godiya da sallama a lokaci guda tsakanin sa'o'i, “ta-ra” ana jin ta a arewacin Ingila, “have a good one” kuma ta Amurka ce.

Ta fuskar nahawu, “leave” ba ta bukatar “from” idan wurin da ka bari ne ya biyo ta, saboda haka “I left the office at five” ake cewa. Idan aka sa “for” ma'anar ta juya gaba ɗaya, domin “I'm leaving Kano” barin Kano ne, “I'm leaving for Kano” kuma tafiya Kano ce, kuma wannan ƙaramar kalma ta isa ta sa direba ya je tarbar mutum a garin da ba ya nan.

Duk lokacin da ka ci karo da sabuwar kalma ta tafiya, ka duba ta a ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge, ka karanta ɗan lakabin da ke gabanta kafin ma'anar. Za ka ga an rubuta “formal” ko “informal” ko “slang” ko “old-fashioned”, wani lokaci da alamar ko ta Birtaniya ce ko ta Amurka, kuma kalmar da ba ta da lakabi ko ɗaya ita ce ta tsaka-tsaki. Ɗalibin da ke shirin WAEC, ko ɓangaren rubuta wasiƙa na IELTS, wato jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, yana da ƙarin dalilin yin haka, domin masu duba takarda suna lura da ko salon ya dace da wanda aka rubuta wa. A wasiƙar neman izini ga shugaban makaranta za ka rubuta “I request permission to leave the school premises on Friday,” a wasiƙar aboki kuma “I'm heading home on Friday,” kuma kada ka gauraya su biyun a takarda ɗaya.